Wa Ke Jin Maɓallin da Ka Danna? Fashin Baƙi kan Gyaran Rubutu a Layin Umarni

A kwamfutar da ke ɗauke da Linux, baƙin allon nan da ake rubuta umarni yana da cikakkiyar manhajar gyaran rubutu a cikinsa, kuma da yawa daga cikin masu koyo a nan Katsina sai su daɗe suna aiki da shi ba su san da zamanta ba. Maɓallai uku suka sani: kibiyar hagu, kibiyar dama, sai Backspace. In kuskure ya faɗo a farkon dogon layi, ko dai mutum ya danne kibiya yana jira, ko ya share komai ya sake rubutawa daga tushe. Ɗalibi ne a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ko a Kwalejin Hassan Usman, ko a kwalejin fasaha ta tarayya da ke Daura, ko kuma mai koyon kansa da kansa ne a waya, littattafan da zai ci karo da su da `ls` da `cd` da `mkdir` suke farawa. Ba kasafai suke tsayawa su nuna yadda ake sarrafa layin da ake rubuta waɗannan umarni a kansa ba.

Abin yana damuna, domin a wurin sake rubutawa ne ɓarna take shigowa. Layin da ka rubuta daidai sai harafi ɗaya, in ka share shi ka sake, ka buɗe wa kanka ƙofar sabon kuskure a kowane harafi. A umarni irin `rm` mai goge fayil ko `mv` mai matsar da shi, sabon kuskuren yana iya cin aikin wani na wata guda.

Mu nan muna da wani dalili na daban da mutumin Jamus ko Amurka bai cika jin zafinsa ba. Idan ka shiga wata saba, wato kwamfuta mai nisa da ake aiki a kanta ta intanet, ta hanyar umarnin `ssh`, kowane maɓalli da ka danna sai ya bi intanet ya je can, sabar ta amsa, amsar ta dawo, sannan ka ga manuni, alamar da ke nuna inda rubutu zai shiga, ya motsa. Na tsaya a bayan wani matashi a wani shagon koyar da kwamfuta wajen Ƙofar Ƙaura, da la'asar, lokacin da netwok ya yi nauyi. Ya rubuta wannan:

`spc /home/dalibi/aiki/sakamako-zango-biyu.csv malam@saba:/var/www/makaranta/`

`scp` yake nufi, umarnin kwafe fayil zuwa wata kwamfuta. Ya ɗora yatsa a kan kibiyar hagu ya danne, allo bai motsa ba. Ya ƙara dannewa. Can sai manunin ya zabura ya isa farkon layi. Ya koma kibiyar dama don ya tsaya kan harafin da yake so, wannan karon ya wuce shi da nisa, saboda dannawar da ya yi tana kan hanya ba ta gama isowa ba. Mai shagon ya leƙo ya ce, "Kai Malam, saki kibiyar nan. Danna Ctrl da A." Manuni ya tsaya a kan harafin farko. "To, Ctrl da F sau biyu, sannan Ctrl da T." Haruffan biyu suka yi musayar wuri, `spc` ya koma `scp`. Yaron ya ce, "Yallabai, ai ni ban san ana yin haka ba." Dannawa huɗu ce ta yi abin da sama da saba'in suka gagara yi, kuma a hanya mai jinkiri, ƙarancin dannawa shi ne ƙarancin jira.

Akwai jerin irin waɗannan gajerun hanyoyi a ko'ina, amma haddace jeri ba ya zama a kai. Abin da ke zama shi ne mutum ya gane wa ke karɓar maɓallin da ya danna, domin hannu uku ne suke kan hanya, kuma kowanne yana iya riƙe shi.

Na farko manhajar taminal ce, wato tagar da ka buɗe: GNOME Terminal a Ubuntu, PuTTY ko Windows Terminal a Windows, Termux a wayar Android. Ita ke mayar da dannawarka ta zama lamba ta tura gaba. Na biyu yana cikin zuciyar tsarin ne, ana kiransa direban tty, sunan da ya gada daga injinan Teletype masu buga rubutu a takarda waɗanda aka yi aiki da su a farkon zamanin Unix. Ken Thompson da Dennis Ritchie sun fara Unix a Bell Labs a 1969, kuma injin Teletype samfurin 33 haruffa goma kacal yake bugawa a daƙiƙa. Tunda tawada ba ta goguwa a takarda, a wancan lokacin alamar # ake bugawa don soke harafin baya, alamar @ kuma don soke layi gaba ɗaya. Na uku shi ne shel, manhajar da ke karɓar umarninka ta gudanar da shi, wanda a yawancin Linux Bash ne. Brian Fox ya rubuta Bash domin aikin GNU, ya fito a 1989, daga baya Chet Ramey ya ci gaba da kula da shi. Ɓangaren da ke gyaran layi a cikinsa sunansa Readline, kuma maɓallansa an aro su ne daga Emacs, manhajar rubutu da ta samo asali a MIT a 1976. Wannan ya sa abin da ka koya a Bash zai bi ka zuwa wasu manhajoji irin su `psql` na PostgreSQL da `gdb`, domin da Readline ɗin suke aiki su ma. Zsh, wanda Paul Falstad ya rubuta a 1990 kuma Apple ta mayar da shi shel ɗin Mac tun 2019, yana da nasa mai gyaran layi daban, amma yawancin maɓallan iri ɗaya ne.

Shi maɓallin Ctrl ba wani sihiri yake yi ba. A tsarin ASCII na 1963, lambobi daga 0 zuwa 31 ba haruffa ba ne, umarni ne ga inji. Babban harafin A lambarsa 65. Ka haɗa shi da Ctrl, a debe 64, ya zama 1. Daga nan abubuwa da dama suke warwarewa. Ctrl+I lamba 9 ce, kuma ita ce lambar Tab, don haka duk ɗaya ne a wurin shel. Ctrl+M lamba 13 ce, ita ce Enter. Ctrl+H lamba 8 ce, tana share harafin baya. Ctrl+[ lamba 27 ce, ita ce Esc. Wanda Enter ko Tab na tsohuwar laftof ɗinsa ya mutu, kuma mun san irin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai, zai iya ci gaba da aiki a taminal kafin ya sami kuɗin gyara.

Alt kuwa labarinsa daban. Yawancin taminal idan ka danna Alt+B, Esc suke turawa sannan harafin b. Saboda haka duk inda Alt ya ƙi aiki, ko don tagar ta riƙe shi ta buɗe jerin zaɓinta na sama, ko don a Mac kake ba ka saita maɓallin Option ba, danna Esc ka saki, sannan ka danna harafin. Sakamakon ɗaya ne.

Motsi a kan layi ba shi da wuya. Ctrl+A farkon layi, Ctrl+E ƙarshensa. Ctrl+B da Ctrl+F harafi ɗaya baya ko gaba, Alt+B da Alt+F kalma ɗaya baya ko gaba. Ƙa'idar ita ce Ctrl na harafi ne, Alt na kalma, kuma za ka sake ganinta a wajen sharewa: Ctrl+D yana share harafin da manuni ke kai, Alt+D yana ɗauke kalmar da ke gaba. Ctrl+L yana share allo ya bar maka layin da kake rubutawa yadda yake, wanda umarnin `clear` ba zai iya ba tunda shi sai ka rubuta shi a layin.

Sai dai a tambaya: mece ce kalma a wurin Readline? Jerin haruffa da lambobi ne kawai. Duk wata alama, ko / ko - ko ɗigo, iyaka ce. A nan rubutun Hausa yake da tasa matsalar. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba su da damuwa muddin tsarin yana kan UTF-8. Readline yana ɗaukar su haruffa kamar kowanne. Alamar da muke sakawa a 'yan da 'ya'ya da jami'a ita ce abin lura. Alt+F zai tsaya a tsakiyar "jami'a" kamar kalma biyu ce, wannan ƙaramin abu ne. Babban shi ne a wurin shel wannan alama buɗe zance take nufi. Ka rubuta `cd jami'a` ka danna Enter, sai ka ga alamar > ta fito a sabon layi, kwamfuta ta yi shiru. Ba ta lalace ba, jira take ka rufe zancen da ka buɗe. Ctrl+C zai fitar da kai. Hanya mafi sauƙi ita ce ka rubuta `cd jam` ka danna Tab, Bash ya ƙarasa sunan da kansa ya saka alamar \ a gaban waccan don ya kashe mata aiki. Ni dai shawarata ga mai ajiye fayil a saba ita ce ya rubuta `jamia` da `yan-makaranta`, ya bar cikakkiyar ƙa'idar rubutu a cikin fayil ɗin.

Yanzu ga wurin da na fi so mai karatu ya tsaya. Maɓallan da ake cewa na sharewa ne, yawancinsu yanka suke yi su ajiye. Ctrl+K yana yanke daga manuni zuwa ƙarshen layi. Ctrl+U a Bash yana yanke daga manuni zuwa farkon layi (a Zsh layin duka yake ɗaukewa, a kiyaye wannan bambanci). Ctrl+W yana yanke kalmar baya. Duk abin da aka yanke yana shiga ma'ajin Readline, kamar yadda tela ba ya zubar da ƙyallen da ya yanka sai ya tura shi gefen keke don zai nemi shi. Ctrl+Y ke dawo da na ƙarshe. In ba shi kake so ba, nan take ka danna Alt+Y, sai ya musanya shi da wanda aka yanka kafinsa, ka ci gaba da dannawa har ka iso wanda kake nema. Idan ka yi yanka biyu ko uku a jere ba ka danna wani abu a tsakani ba, haɗe su ake yi su zama guda, Ctrl+Y ɗaya ya dawo da su tare.

Amfanin wannan yana fitowa ne a irin wannan hali. Ka yi nisa da rubuta dogon umarni na kwafe fayiloli, sai ka tuna ba ka tabbatar da sunan foldar da za su shiga ba. Mai koyo yakan share layin, ya duba, ya sake rubutawa. Kai kuwa Ctrl+U za ka danna, layin ya ɓace, ka rubuta `ls /var/www` ka ga sunan, sannan Ctrl+Y, dogon umarninka ya dawo ba harafin da ya ɓata. Ma'ajin ba ya mantuwa don ka gudanar da wani umarni a tsakani. Akwai kuma Alt+#, wanda ke saka # a farkon layi ya tura shi cikin tarihi ba tare da an gudanar da shi ba, ka dawo masa duk lokacin da ka shirya.

Ctrl+W da Alt+Backspace suna kama da juna amma ba ɗaya ba ne, kuma bambancin ya samo asali daga hannayen nan uku. Ctrl+W gadon direban tty ne, shi sarari kaɗai ya sani a matsayin iyakar kalma. Alt+Backspace na Emacs ne, yana tsayawa a kowace alama. In layinka ya ƙare da `/var/www/makaranta/hotuna`, Ctrl+W zai kwashe hanyar duka tun daga /var, Alt+Backspace kuwa `hotuna` kaɗai zai ɗauke. Mai yawan aiki da dogayen hanyoyin folda zai fi buƙatar na biyun. Kasancewar Ctrl+U da Ctrl+W direban tty ma ya san su yana da wata fa'ida: suna aiki a wurin da babu Readline. Idan `sudo` ko `ssh` ya nemi kalmar sirri, ba ka ganin abin da kake bugawa, ka ji a yatsanka ka yi kuskure, ba sai ka yi ta danna Backspace kana ƙirge ba. Ctrl+U, ka fara daga farko.

Gargaɗi ɗaya game da Ctrl+W: in taminal ɗin a cikin burauza yake, kamar wanda kamfanonin haya saba suke bayarwa, burauza ce hannu na farko, kuma a wurinta Ctrl+W rufe shafi ne.

Ƙananan gyare-gyare ba sa buƙatar dogon bayani. Ctrl+T, wanda mai shagon nan ya nuna, in manuni yana ƙarshen layi haruffa biyu na ƙarshe yake juyawa, don haka `sl` ya koma `ls`. Alt+T kalmomi biyu yake juyawa. Alt+U yana mayar da kalma manyan baƙaƙe, Alt+L ƙanana. Ctrl+_ yana warware gyaran da ka yi na ƙarshe, ka maimaita ya ci gaba da komawa baya. In layi ya yi tsawon da ya fi ƙarfin gyara a wuri ɗaya, Ctrl+X sannan Ctrl+E zai buɗe shi a manhajar rubutun da ka saita, ko nano ko vim. A sani cewa a Bash, kana fita daga manhajar za a gudanar da abin da ke ciki, ba za a sake tambayarka ba.

Tarihin umarni shi ne rabin aikin. Bash yana tuna abin da ka rubuta: 500 ne asalin adadin, amma saitin da Ubuntu ke zuwa da shi ya ɗaga shi zuwa 1000. Kowa ya san kibiyar sama, wadda Ctrl+P ke yin aikinta, Ctrl+N kuma na kibiyar ƙasa. Abin da ya fi su shi ne Ctrl+R. Ka danna shi, ka fara rubuta kowane yanki na umarnin da kake tunawa, ko da daga tsakiyarsa ne, misali `zango`, sai layin ƙarshe da ke ɗauke da wannan yanki ya bayyana. Ka sake danna Ctrl+R ya koma wanda ya gabace shi. A nan mutane suke gaggawa: Enter gudanar da layin yake yi nan take. In gyara kake so ka yi, danna Ctrl+E ko kibiya, layin zai sauko ya tsaya yana jiranka. In ka fasa, Ctrl+G.

Sau da yawa ba layin duka kake so ba, kalmarsa ta ƙarshe ce. Ka ƙirƙiri folda da `mkdir -p ayyuka/2024/rahoton-daura`, yanzu kana so ka shiga. Rubuta `cd`, ka ba da sarari, ka danna Alt da ɗigo. Hanyar za ta sauko kan layi. Ka sake dannawa, ta umarnin da ya gabata ta maye gurbinta. Akwai tsohuwar hanya ta rubuta `!$` da ke yin kusan haka, da `!!` mai maimaita umarnin baya duka, wanda ake yawan gani a `sudo !!`. Na fi yarda da Alt da ɗigo, kuma dalilina guda ne: gani ya kori ji. Da `!$` ba ka ganin abin da zai zama sai bayan ka danna Enter. Wanda ya rubuta `rm -r !$` yana zaton umarninsa na baya a kan wata foldar banza ya ƙare, alhali a kan foldar aikinsa ce, ba zai sami damar cewa a dakata ba. Wanda ya saba da waɗannan alamomi ya saka `shopt -s histverify` a `.bashrc`, fayil ɗin saitin Bash, sai Bash ya riƙa nuna masa cikakken layin kafin ya gudanar.

Wani abu game da tarihi ya shafe mu kai tsaye. Bash yana riƙe tarihin zaman da kake ciki a ƙwaƙwalwa ne, sai za ka fita yake rubuta shi a fayil ɗin `.bash_history`. A kwamfutar tebur da ba ta da batir, in aka ɗauke wuta, duk umarnin da ka sha wahala ka haɗa tun safe sun tafi. Maganin layi biyu ne a `.bashrc`: `shopt -s histappend` da `PROMPT_COMMAND='history -a'`. Daga nan kowane umarni ana rubuta shi da zarar ya kammala. A kwamfutar da mutane da yawa suke zama a kanta da suna ɗaya kuwa, kamar ta shago, a tuna cewa na bayanka zai iya danna Ctrl+R ya ga abin da ka rubuta. Saitin Ubuntu ba ya ajiye umarnin da aka fara da sarari, amma abin da ya fi shi ne kada a rubuta kalmar sirri a layin umarni ko kaɗan.

Sauran maɓallai huɗu su ne suka fi ruɗa wanda ya taso a Windows. Uku daga cikinsu ba sa ma isa Readline, direban tty ke tare su. Ctrl+C ba kwafi ba ne, saƙon katsewa ne ake aika wa manhajar da ke gudana. Mutum yana saukar da babban fayil da datar da ya saya da guminsa, ya zaɓi wani rubutu a allo ya danna Ctrl+C don ya kwafa, sai ya kashe aikin. A GNOME Terminal kwafi Ctrl+Shift+C ne, liƙawa Ctrl+Shift+V. Ctrl+Z ba ya warware kuskure, dakatar da manhaja yake yi ya ajiye ta a gefe. Tana nan ba ta mutu ba, `jobs` zai nuna ta, `fg` ya dawo da ita. Masu koyon vim sukan danna shi su ɗauka sun fita, su sake buɗe fayil ɗin, sai vim ya yi ƙorafin cewa wani yana riƙe da shi, alhali su ne.

Ctrl+S shi ne ya fi sa a kashe kwamfuta a banza. Hannu ya saba da shi wajen adana aiki, a taminal kuwa ma'anarsa "tsayar da fitar da rubutu", gado daga zamanin da inji ba ya iya buga rubutu da saurin da kwamfuta ke turowa. Allo zai sandare, ka buga komai ba ka gani. Ctrl+Q ke sake shi. A lura sosai: abin da ka buga lokacin da allon yake tsaye bai ɓace ba, yana shiga, kuma in ka danna Enter a ciki an gudanar. Wanda ba ya son wannan hali ya saka `stty -ixon` a `.bashrc`, ribar da zai ƙara samu ita ce Ctrl+S zai isa Readline ya zama binciken tarihi ta gaba, abokin Ctrl+R. Na huɗun Ctrl+D ne. In akwai rubutu a layi harafi yake sharewa, in layin fanko ne yana nufin "na gama", shel ya rufe, in kana kan `ssh` ka faɗo waje. Danne shi da niyyar share haruffa da yawa yana iya ƙarewa da haka. `set -o ignoreeof` yana hana wannan fitar, sai in dannawar ta wuce goma a jere.

Idan wata rana ka shiga saba ka danna kibiyar sama sai ka ga `^[[A` a allo, Tab ba ya ƙarasa suna, Ctrl+A ba ya komai, kada ka zargi kibod. Hannu na uku ne babu. A Debian da Ubuntu, `sh` wani ƙaramin shel ne mai suna dash, ba shi da Readline, kuma asusun da aka buɗe da `useradd` ba tare da an faɗi shel ba a kansa yake faɗawa. Abin da ka gani a allo ainihin saƙon kibiyar ne: Esc, da [, da A, tsarin da ya yaɗu tare da taminal ɗin VT100 na kamfanin DEC a 1978. Rubuta `bash` ka ci gaba da aiki, sannan `chsh -s /bin/bash` don ya zauna. Haka kuma in Ctrl+B ya daina aiki, duba ko a cikin tmux kake, manhajar da ke riƙe zaman taminal, domin shi ya riƙe wannan maɓalli don kansa, kamar yadda screen ya riƙe Ctrl+A. Waɗannan biyun suna da daraja a wurinmu, tunda su ke hana aiki mutuwa in netwok ya yanke, don haka sabawa da su ya fi guje musu.

Masu koyo a waya ba a bar su a baya ba, kuma su ne ma suka fi buƙatar wannan, domin kai manuni daidai kan harafi a gilashin waya aiki ne. Termux yana da jerin maɓallai a saman kibod mai ɗauke da ESC da CTRL da ALT, sannan maɓallin rage sauti yana tsayawa a madadin Ctrl: ka riƙe shi ka taɓa a, ka koma farkon layi. Umarnin da aka turo ta WhatsApp kuma a duba shi kafin a gudanar. Tun daga Bash 5.1 na ƙarshen 2020, rubutun da aka liƙa yana tsayawa a layi ko da akwai sabon layi a cikinsa, har sai ka danna Enter da kanka. A tsofaffin saba ba haka ba ne, liƙawa kaɗai tana iya gudanar da shi. Kibod ɗin waya kuma yakan lanƙwasa alamar zance, shel ya kasa gane ta, sai an bi da Alt+B an gyara.

Akwai tsari na biyu ga wanda hannunsa ya riga ya saba da vi, manhajar da Bill Joy ya rubuta a Berkeley a 1976. `set -o vi` zai mayar da layin umarni irin nata, ka danna Esc ka yi motsi da h da l da w da b. `set -o emacs` ya dawo da kai. Ban ba mai fara koyo shawarar ya bi wannan ba tukuna, saboda duk sabar da zai shiga a tsarin Emacs zai same ta, kuma ranar da aka kira shi ya duba kwamfutar wani ba zai tarar da saitinsa a can ba. Wanda yake son ganin duk abin da Bash ɗinsa ya sani ya rubuta `bind -P`, zai ga kowane aiki da maɓallin da aka ɗaura masa. Canji na dindindin a fayil ɗin `.inputrc` ake yinsa, kuma layi biyu ne na ga sun fi biyan wahalarsu: `"\e[A": history-search-backward` da `"\e[B": history-search-forward`. Da su, in ka rubuta `scp` ka danna kibiyar sama, umarnin da suka fara da `scp` kaɗai za su riƙa fitowa. A Ubuntu ka sa `$include /etc/inputrc` a layin farko na fayil ɗin, in ba haka ba saitin da tsarin ya zo da shi, kamar tsallake kalma da Ctrl da kibiya, zai iya daina aiki.